Abin da Ya Rage a Rariya

Awa huɗu daga gaɓar Texel, Wiebe ya kashe inji,
ya nuna allon da haɓa.
Ga su can, mita talatin ƙarƙashin takalmanmu:
tuddan yashi a jere
kamar kunyoyin gonar da ba a san mai ita ba.
"Wancan," in ji shi, "ya matsa taku uku tun bara."
Ba wanda ya ji motsinsa.

Na zura guga.
Daga ƙoƙuwar tudu, abin bai taka kara ya karya ba:
yashi garas-garas, wankakke tas,
da wata 'yar ƙaguwa mai fushi.
A can ruwa ba ya barin kowa ya yi shimfiɗa.

Daga kwari kuwa, laka ce baƙa mai ƙarni.
Na juye a rariya, na sakar mata ruwa,
sai ga gari guda.
Tsutsotsi magina, kowacce da bututunta
na ƙwayar yashi da ɓaraguzan katantanwa,
da yawu ta liƙe su, ɗaya bayan ɗaya,
ta bar geza a baki.
Dubbai, a filin da bai fi tabarma ba.
Igiya kan zo a guje, ta sarƙe a tsakaninsu,
ta yi laushi,
ta sauke ɗan kayan da ta ɗauko.

Bushiyar teku ita ba ruwanta da gini.
Huɗa take yi ta ƙasa, dare da rana,
tana sassauta abin da maƙwabta suka daɓe
har ruwa ya samu na ɗauka.

Mahaifina ya ja koma a nan shekara talatin da ɗaya.
Ya kan ce ƙasan teku hamada ce, Sjoukje,
kifi kawai ke ratsawa.
Ban taɓa musa masa ba.
Yau ga hamadarsa tana motsi a tafin hannuna,
shi kuma yana kwance bayan cocin Oosterend.

Wiebe ya miƙo mini shayi.
"To, wa ke tuƙa wani?
Tudu ne ya zaɓa wa tsutsa unguwa,
ko tsutsa ce ta riƙe wa tudu ƙafa?"

Yatsuna sun ƙage da sanyi.
Na ce ya bari in gama ƙirga.
Ɗari huɗu da sha biyu.
Ɗari huɗu da sha uku,
wannan ma da ranta, ta ja kai ciki.