Zobo a Kofin Gilashi

Modi ya dawo bayan shekara ashirin da shida,
da furfura a gemu, da agogo a hannu
mai nuna lokacin wata ƙasa.
Ya ce, can inda nake, idan rana ta faɗi
akan zuba baƙi a mota mai buɗaɗɗen sama,
a zaga da su gari, a ƙare a kan teburi
da jan ruwan inabi a kofi mai dogon wuya.
Na ce, to bismilla.

Motata ƙofa ɗaya take buɗewa, ta direba.
Sai da ya tattare riga ya tsallake giya ya zauna.
Na ce, dube ta da kyau,
ita kaɗai ce giyar da za ka gani a daren nan,
ita ma ta biyu ba ta shiga.

Mun sallame magariba a masallacin Shehu,
ya daɗe yana neman takalmansa.
Jemagu na barin kan dogon yaro
garke-garke, kamar an kaɗa su kiwo.
A gaban Hubbare ya sauke gilashin taga,
leɓensa na motsi, ban tambaye shi ba.
Fitilun fada suka kama, ɗaya, ɗaya,
wata ta ƙi.

Ina mai hayar keke na wanga lungu?
Cajin waya ake yi a rumfar yanzu.
Gawon da munka hau hwa?
Ya zama shago uku da wurin aski.
Yana kiran sunaye, ina amsawa da rasuwa,
har na gaji na kunna rediyo.
'Yan kabu-kabu suna ratsa mu ta dama da hagu,
Tsohuwar Kasuwa na naɗe tabarminta,
warin jima da ƙamshin albasa
suka shigo ta taga babu sallama.
Nan ne ya yi dariyar farko.
Ya ce, wanga wari bai tsufa ba.

Kusa da gadar Rima muka tsaya.
Bube ya juya mana tarwaɗa biyu a kan waya,
ya yanka balangu a takardar siminti,
yaji a gefe, tumatir, masa mai zafi.
Benci ne teburin, aci-balbal ce fitilar,
sauro kuma bai jira gayyata ba.

Sai na kwance ɗankwalin Hassi.
Kofuna biyu na gilashi daga kabet ɗinta,
tun na aure, ba a taɓa shan ko ruwa a ciki ba.
Ta ce in na fasa ɗaya, in kwana a mota.
Inna Ige ta tsiyaya zobo daga jarka,
ja wur, da citta, da kanumfari,
ƙanƙara na ƙara a gindin kofi.

Modi ya ɗaga nasa saitin wuta,
ya juya shi a hankali, ya kai hanci,
ya lumshe ido irin na masana.
Inna, wanga na wace shekara ne?
Ta dube shi, ta dube ni.
Ta ce, na hantsin yau ne, Alhaji.

Mun yi dariya har Bube ya ƙona kifin wani.
Gulbi na wucewa a ƙasa, baƙi ƙirin,
wani masunci yana tura kwalekwale da gora.
Ya sha kofi uku. Leɓensa ya rine.

A hanyar komawa na sa sigina
zan karya ta Ƙofar Marke,
inda gidansu yake, inda muka ɗauki Goggo
shekara tara da suka wuce, shi yana waya.
Ya dafa mini hannu a kan sitiyari.
Ba yau ba, in ji shi.
Na miƙe.
Siginar ta ci gaba da ƙyaftawa har Mabera,
kofunan Hassi suna kan cinyarsa,
ya riƙe su hannu bibbiyu a kowane rami.