Bangon Madam Morenike

Shekara goma sha tara ina yi wa gingimari rubutu
a gindin gadar Agege,
inda Sallau ya koya mini riƙon buroshi
da guntuwar wayar lantarki a hannunsa:
"Harafi ba ya kuka, yaro.
In fenti ya zubo, hawayenka ne za su bi shi."

Na rubuta SAI TA ALLAH a goshin tirela,
BA BASHI YAU a rumfar mai shayi,
na zana zaki mai fuskar akuya a jikin danfo.
Ranar da na taɓa katangar wani kamfani
ma'aikatan tsafta suka tafi da gwangwanayena.

Yau ga ni a Lekki, hawa na shida.
An sa na cire takalmi, an ba ni silifas mai gashi.
Bango fari fat kamar dafaffen ƙwai.
"Irin na titi nake so," in ji Madam,
"da yarenku, mai haruffan nan masu ƙugiya."

Na ja zare, na buga alli,
na tsai da haruffa kamar sahun Juma'a.
Ta girgiza kai. Wai ya yi kyau da yawa.
A karkata shi. A kankare gefensa.
A bar fentin ya dalalo
kamar ya sha ruwan damina bakwai.

Sallau, kana kwance, ka yafe.
Na tsoma buroshi har wuya,
na bar ja ya gangaro yana kuka
har bisa tayil.
Ta tafa. Ta ɗauki hoto.

ƘARSHEN ALEWA ƘASA,
saman kujerar da kuɗinta ya fi hayar ɗakina ta shekara.
"Me yake nufi?"
Na ce zancen alewa ne, Madam.
Ta ce dama tana son zaƙi.

Kuɗin gingimari tara ta tura mini a waya.

A hanyar gida, cunkoso ya tsare mu a kan doguwar gada,
lagun na ƙasa yana lasar ƙafafunta.
Gabanmu wata tsohuwar mota ɗauke da albasa,
na gane hannuna a bayanta:
layi a miƙe, ba ɗigo ko ɗaya,
rana da gishirin teku sun cinye rabinsa
ba wanda ya biya su.