Wasiƙun Gida Mai Lamba Tara

Ran da na bar gida mai lamba tara
na sanar da mai kawo madara,
na sanar da banki, na sanar da likita,
har mai gyaran bututun hayaƙi ya san na tashi.
Ofishin lasisi kaɗai na manta.
Takardun mota suka ci gaba da kwana a Llanelli,
ni kuwa ina Carmarthen,
ɗaki guda a saman shagon burodi,
ina koyon haɗa shayin mutum ɗaya.

Wata bakwai cur.
Ashe wasiƙu na ta faɗowa ta ramin tsohuwar ƙofa,
fara, sai ruwan ƙasa, sai mai jan rubutu,
kowace ta fi 'yar'uwarta ɗaure fuska.
Cerys, yarinyar da ta sayi gidan,
ta yi ta tara su a kwandon da Glenys ke zuba albasa,
har ta gaji, ta bi sawuna ta wajen limamin coci,
ta hawo bene da su a ƙulle da zaren ulu,
ruwan sama na ɗiga daga gashinta.

Na buɗe su bi da bi, kamar mai ɓare ciwo.
Ta farko ta ce fam ɗari.
Ta uku ta ce ina amsa?
Ta ƙarshe ta ce kotu ta zauna ban zo ba,
an kira Emrys Bevan sau biyu, kujera ta yi shiru,
an yanke ɗari shida da sittin.
Rashin sani ya fi dare duhu,
amma alƙali ba ya karɓar duhu a matsayin shaida.

Na je ofishinsu da rigar zuwa coci.
Wani saurayi a bayan gilashi ya ce,
wa ke tuƙi a daren?
Na ce wane dare?
Sai ya juyo min da allon kwamfuta.

Tara ga Fabrairu, ƙarfe uku da minti goma sha biyu.
Mil arba'in da uku a inda doka ta ce talatin.
Ga ni nan, baki a buɗe, hannu biyu kan sitiyari,
rigar barci a ƙarƙashin kwat.
Ga ta nan a gefena,
kai jingine da taga, ɗankwalin nan na ulu a wuya,
hannunta ɗaya bisa hannuna.

Sai muryar ta dawo min:
Emrys, yi a hankali, asibiti ba tashi zai yi ba.
Shekara arba'in da ɗaya tana ce min in rage gudu.
A daren kaɗai na ƙi ji.

Ba ta son hoto.
A bikin 'yarmu ma bayan fure ta ɓuya.
Sai ga wani akwatin ƙarfe mai ruwan ɗorawa,
tsaye a bakin titi cikin sanyi, ba ya barci, ba ya tausayi,
ya yi wal sau ɗaya
ya kama min ita da sauran numfashi.

Saurayin ya ce zan iya rantsuwa wasiƙu ba su same ni ba,
a sake shari'a, a rage kuɗi.
Na ce to, a sake.
Amma a buga min wannan a takarda tukuna.
Ya dube ni, ya dubi hoton,
ya tashi ya nufi injin bai ce uffan ba.

Da yamma na cike fom ɗin canjin adireshi.
Tsohon gida, na rubuta.
Sabon gida, na rubuta.
Biro ya tsaya yana neman layin da zan sa nata,
babu.

Yanzu hoton na jikin firij, maganaɗisu na riƙe da shi,
lambar mota a ƙasa, kwanan wata a sama.
In na bi ta hanyar nan ranar Laraba
ina tafiya mil ashirin da takwas,
na baya na ta danna min ham,
ni kuwa in ɗaga wa akwatin yatsu biyu daga sitiyari
kamar yadda ake gaida maƙwabci.