Ɗaya Cikin Biyar

Kakana Don Nikanor yakan ce
a zamaninsu, a magudanan Sochimilko,
hula kawai za ka tsoma a ruwa
ka ɗago aholote uku suna wutsil-wutsil.
Ni kuwa guda ɗaya gare ni,
cikin akwatin gilashi, gefen ɗakin girki,
nesa da taga, don ba ta shiri da rana.

Sunanta Chabela.
Ita ba kifi ba, ita ba ƙadangare ba,
yatsunta kamar na jinjiri,
ga gashin numfashi reshe shida a ƙeya,
ja-ja, kamar furen da bai gama buɗewa ba.
Bakinta kullum da murmushi.
Kada murmushin ya ruɗe ka,
haka yake ko tana jin jiki.

Ran Lahadi, kafin ƙararrawar coci ta biyu,
nakan zuƙi bakin siririn tiyo,
in bi yashin ƙasa lungu-lungu,
in kwashe kashinta da guntun tanar da ta ƙi ci.
Ɗaya cikin biyar na ruwan nake zubarwa, ba ƙari.
Na taɓa yin zarin tsabta,
na juye duka, na wanke soson tacewa a famfo,
ashe na kashe ƙananan halittun da ido ba ya gani,
masu lashe dafin da ke taruwa.
Kwana tara tana juya wa abinci baya.
Tun ranar na san tsabta ma tana son linzami.

Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti,
na ɗiga masa magani, warin sinadari ya fita.
Sannan 'yar kwalbar gwaji:
ɗigo takwas, girgiza, jira.
In ya yi rawaya, ajiyar zuciya.
In ya yi kore, yau ba zuwa kasuwa.

A watan Mayu aka ɗauke wuta kwana biyu.
Ma'aunin zafi ya haura ashirin da uku,
gashin ƙeyarta ya koɗe, ya lanƙwaso gaba,
bakin jelarta ya naɗe kamar ƙugiya.
Na fita da silifa wari da wari
har ƙofar Donya Eufrosina mai ƙanƙarar lemun tsami.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ɗauko gora huɗu daskararru,
jarinta na gobe ke nan,
muka zauna a duhu muna tsoma su ɗaya bayan ɗaya,
tana ba ni labarin marigayi mijinta
da kwalekwalensa mai fentin shuɗi
wanda ya sa wa sunan wata, ba nata ba.
Da asuba Chabela ta taka yashi,
taku biyu, ta tsaya, ta yi hamma.
Tsohuwa ta ce, to, ni zan je in kwanta.

An ce in ƙafarta ta guntule, wata kan tsiro.
Gaskiya ne, na gani, ta hagu ta gaba,
wata biyu ta dawo har da yatsu.
Magudanar bayan gidanmu fa, yaushe?
Jiya na leƙa daga kan gada:
leda, kumfa, takalmin yaro guda,
da baƙin kifayen da ke cinye ƙwai.
Ban daɗe ba.
Bokiti yana jirana a gida,
kuma tanar da na haƙo a gonar kabewa
ta fara neman hanyar fita daga gwangwani.