Takarda a Goshi

A Valparaíso, in jirage sun yi shiru a tasha,
ajin Malama Ximena kan cika da ƙarnin kifi da warin man inji.
Mu goma sha ɗaya ne, in Rosalba ba ta makara ba.

Doka ɗaya ce:
wanda harshensa ya zame ya koma Sifaniyanci
sai ya jefa kwabo a gwangwanin madara.
Kafin wata ya mutu, gwangwanin ya saya mana burodi.
Rabin kuɗin nawa ne.

Litinin sarƙa muke ƙullawa,
inda kalmata ta tsaya, nan taka za ta tashi.
Nicanor direba ne ke tsinke ta kullum,
ya daki tebur, ya rantse jiya ya san kalmar,
a bakinsa ta kwana, da asuba ta yi ƙaura.

Laraba kuwa takarda ce a goshi.
Kowa na karanta abin da aka manna maka, ban da kai.
Ni albasa aka taɓa manna mini,
aji ya yi ta kukan ƙarya, ina ta cewa jana'iza.

Sai ranar da layi ya zo kan Eladio,
tsoho mai ɗinkin koma, mai yatsu kamar saiwa,
wanda alƙalami ke ɓacewa a tafinsa.
Jikansa na can Sidni,
yaron bai iya komai ba sai Turanci.
In sun haɗu a waya, murmushi suke yi wa juna
har kuɗin ya ƙare.

Rosalba ta ce, namiji ne.
Ya ce, soja?
Na ce, yana da furfura.
Ya ce, alƙali?
Nicanor ya miƙe, ya laluba aljihun Turancinsa,
ya ce, uban uwa. Kai ne.

Eladio ya yi shiru.
Muka ji ƙarar ƙugiya tana sauke kaya a tasha.
Sannan ya faɗi kalmar, a karkace, gaɓa gaɓa,
kamar mai hawa matakalar unguwarmu da buhu a kafaɗa.

Malama ta miƙa hannu karɓar takardar.
Ya hana.
Ya kwafe ta sau bakwai a bayan rasiɗin wuta,
harafi ɗaya yana kallon baya.

Ba wanda ya gyara masa.
Ni dai na tambayi Rosalba ƙarfe nawa ne a Sidni,
da Sifaniyanci,
na jefa kwabona.