Taku Arba'in da Bakwai

Biyar da rabi injin matsar gyaɗa ke yin shiru,
nawa aikin kuwa lokacin yake somawa.
Na cuɗa hannu da toka, na cuɗa da sabulu,
amma takarda ba ta da mantuwa:
kowane shafi na ɗauke da tambarin yatsana.

Kabu-kabu daga bakin izin zuwa jami'a,
dala sittin in mai babur ya san ni.
'Yan rana na fita, mu 'yan yamma muna shiga,
wani da rigar duwan, wata da goyo a baya.
Lisansin da yara ke haɗiyewa a shekara uku
ni biyar zan yi ina gutsurarta daga gefe
kamar tuwon da bai huce ba.

Madam Barira ta ce,
"Ku nemo inda aiki ke tsayawa yana jira.
Komai girman gora, wuyansa ke da hukunci."

Na tafi da maganar a aljihu.
Ran Talata na tsaya bayan ƙofar sito
da agogon salula, ina ƙirga sawun mutane.
Daga sikeli zuwa bakin injin
taku arba'in da bakwai,
da buhu a ka, sau ɗari biyu a yini.
Injin na hamma, buhu na hanya.
Shekara tara ina kallon wannan
ban gan shi ba sai yau.

Na zana shi a bayan takardar siminti.
Malam Rabe, shugaban leburori, ya juya ta sama da ƙasa,
ya ce, "Karatun dare ke nan?"
Bayan sati biyu na tarar an matso da sikeli.
Bai ce ni ba. Ban ce ni ba.

A gida, can Bagalam, wuta ta ɗauke.
Ni da Nafisa kan tabarma guda, fitila guda,
ita tana fama da bakwai sau takwas,
ni da lissafin layin jira.
Inna Cima na tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida:
turmi a dama, kasko a gaba, galan a hagu,
ba ta ɗaga ƙafa ko sau ɗaya.
Na ce, "Inna, wa ya tsara miki haka?"
Ta ce, "Ciwon gwiwa."

Dariyar ba ta kai ni asuba ba.
Taku arba'in da bakwai ya koma goma sha biyu,
kuma leburori shida sun yi wa aikin yawa.
Na ga mai izin yana ƙirga kawuna da ido,
idon ya daɗe kan Ɗan Jimo,
wanda ya koya mini ɗaurin gammo
ranar da na zo daga Tibiri da takalmi ɗaya mai lafiya.
Ashe sawun da na kira asara
shi ne hatsin gidan wani.

Na buɗe littafi, na bi jadawali layi-layi.
Akwai gurbin minti, akwai gurbin lita,
babu gurbin Ɗan Jimo.

Na tambayi Madam bayan darasi.
Ta daɗe tana goge allon da ya riga ya gogu.
Ta ce, "Tsahiru, wannan ba ya cikin jarrabawa.
Shi ya sa ya fi wuya. Koma ka ƙara ƙirgawa."

Ina ƙirgawa.
Yanzu tunkuza ce ke taruwa a bayan injin,
tana jiran hannu, wuyan gora ya koma can.
Mutum biyu take buƙata, in lissafina bai yi ƙarya ba.
Gobe zan kai wa Malam Rabe wata takardar siminti,
ya ce shi ya gani, ban damu ba.

Nafisa ta yi barci da alli a hannu.
Hamsin da shida, na rubuta mata a gefen allo,
sai na goge.
Gara ta samo da kanta.