Zoben da Ba Shi da Raga

Ni ce mai yi mata kitso.
Shavonne, ƙanwata, shekara shida na ba ta,
amma tun tana 'yar sha biyu
sai na taka kujera nake ganin tsagar kanta.

A bayan gidanmu, can Mississippi,
Baba ya ɗaure zoben ƙarfe jikin falwaya,
babu raga, babu allo.
In ƙwallo ta shiga, shiru take wucewa,
sai dai ka yarda da idonka.
Nan ta koyi jifa ba ta jiran tafi.

Wata mata ta zo daga Iowa da takarda a jaka,
Koci Brandvold, murya kamar ana jan ƙofar gareji.
Ta cinye waken Mama, ta goge baki, ta ce:
karatu kyauta, shekara huɗu,
gudu tun asuba, kuma ni ba na lallashi.
Mama ta ce: ai ba ƙwai na haifa ba.

Shekarar farko benci ta yi ta ɗumamawa.
Takan kira ni tsakar dare, ƙanƙara ta toshe taga,
wai babu mai iya kitso a duk garin.
Na san ba kitso ke sa ta kuka ba.
A ta biyu lasifika ta koyi sunanta.
A ta uku, saura daƙiƙa huɗu, ana bin su maki ɗaya,
ni da na tuƙa mota awa goma sha uku don in gani
sai na runtse ido.
Har yau ban ga jifan nan ba.
Ihun ne ya ba ni labari.

Daren zaɓen 'yan wasa muka cika falo,
kaza ta huce a faranti.
Zagaye na ɗaya, na biyu,
sai can wutsiyar na uku aka ambace ta,
Baba ma ya zagaya bayi.
Kwana goma sha ɗaya ta yi a ƙungiyar.
Aka kira ta ofis, aka yaba mata sosai,
aka ce ta ajiye rigar a kan tebur.

Inda aka ƙi ka da yini
wani wurin da kwana ake nemanka.
Poland ta kira. Ta tafi da akwati biyu
da kitson da na matse don ya kai wata uku.
Ta iya ƙirga goma da harshensu,
ta iya cewa ina albashina.
A Turkiyya 'yan kallo suka yi mata ruwan kwabbai,
tsohuwar da ke ƙasan bene kuwa
kullum sai ta ajiye mata miya a bakin ƙofa,
shekara biyu, ba su taɓa gane maganar juna ba.

Gwiwar a Sifen ta tafi.
Ba wanda ya taɓa ta.
Ta juya ne kawai, kamar yadda ta juya sau dubu,
ƙas,
filin ya yi tsit har tana jin fitilu suna ƙugi.
Shekararta talatin da ɗaya.

Yanzu tana gida.
Tabo biyar a gwiwa, fasfo uku sun cika da hatimi,
kofi ɗaya, Mama na zuba maɓallai a ciki.
Da yamma 'yan matan unguwa sukan taru a falwayar.
Wani maƙwabci ya sayo raga sabuwa fil,
ta yi godiya, ta sa a aljihun tebur.

Jiya ta zauna a ƙasa, tsakanin ƙafafuna,
ƙafa ɗaya a miƙe don ba ta lanƙwasuwa.
Na tsaga, na ga furfura uku.
Ban faɗa mata ba.
Na kitse su ciki.